Injin leza a zafin Tasawa: ransa yana cikin bidon ruwa

Tun da na fara sa hotunan allunan sunaye da kashe na roba da nake zanawa da ƙaramin injin leza, matasa da yawa sun tambaye ni kuɗinsa da inda ake samun sa. Babu wanda ya taɓa tambaya ta maganar ruwa, alhali a nan ne injin yake rayuwa ko ya mutu.

Abin da ke yanka katakon wata doguwar kwalba ce ta gilashi a bayan injin, mai wat 40, tsawonta wajen santimita 70. Kuran ɗin da take sha, kaɗan ne yake zama haske, saura duk zafi ne. Shi ya sa akwai ɗan famfo da ke tura ruwa ta tiyo, ya ratsa kwalbar ya koma bido. Ana so ruwan ya tsaya tsakanin digiri 15 da 25. To ku duba mu nan, watan Afrilu da Mayu, inuwa ma ta wuce 40.

Kowa ya san tanon ruwan da ke gefen injin niƙa, har tururi yake yi kuma injin bai fasa niƙa hatsi ba. Kar wannan ya ruɗe ku. Ƙarfe yana jure ruwan zafi, kwalba ba ta jurewa. Da ruwa ya kai 30 za ka ga yankan ya yi rauni, kwalbar tana tsufa da wuri. In kuwa famfo ya tsaya ana cikin aiki, tana iya tsagewa nan take. Sabuwa kuma sai Kano ko Sin. Waɗanda suka nemi kayan gyara lokacin da iyaka take rufe, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, sun san abin da nake nufi.

Wani mai shago ya so ya sayar mini da CW-3000, wai na'urar sanyaya ruwa. Fanka ce kawai a ciki, ba ta iya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗaki. Mai sanyaya na gaskiya irin CW-5000 ce, mai kwamfaresa kamar firji, ita kuma sai aljihu mai nauyi da kuran tsayayye.

Ni dabarar iyayenmu na ɗauka. Bido mai lita 20, na naɗe shi da buhu jiƙaƙƙe kamar yadda matafiya ke yi, na ajiye inda iska ke bugawa. Sannan gorunan roba biyu da suka daskare, a rufe, in jefa ciki. A rufe fa! Ƙanƙarar leda ruwan famfo ce, kar ta narke a ciki. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin ɓawo irin wanda ke kama gindin butar shayi, kuma kwalbar nan tana ɗauke da kuran sama da bolt 10,000, ba a son ruwa mai gishirin ƙasa kusa da ita. Tataccen ruwan batir ake sawa. Don Allah in kun je saye ku faɗa wa mai batir ba mai asid ba, domin su biyun duk ruwan batir ake ce musu.

Sauran kula ce ta kullum. Kafin in kunna, sai na ga ruwa yana dawowa daga tiyo da idona. In akwai kumfar iska a kwalbar, in ɗaga gefen injin kaɗan har ta fita. Bido a rufe saboda ƙurar hunturu, nesa da rana saboda gansakuka, ruwa kuma a sake shi duk wata. Ma'aunin zafi ɗan ƙarami yana rataye a ciki, da ya nuna 27 nake kashewa, ko mai aiki yana tsaye a kaina yana cewa ɗaurin aure gobe ne.

Da bazara daga sallar asuba zuwa hantsi nake aiki. Da damina kuma a rage ƙanƙara, don iska tana da laima, ruwa in ya yi sanyi da yawa raɓa takan kwanta a jikin kwalbar, daidai inda wayar kuran take.