Tsakanin Baiko Da Biki Ma Akwai Labari

Jama'a, tun ina yarinya a Sabon Birni nake mayyar littattafan soyayya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, sai da ya yage a hannuna. To wata rana sai wata 'yar bautar ƙasa Kirista da muke koyarwa tare ta ara mini ƙananan littattafansu na Turanci. Su labarin daga baiko yake farawa. Ba kishiya, ba auren dole, sai zaman jira, rigimar dangi, kuɗin biki da addu'a, har ranar shiga coci.

Na ce mata, "Haba ƙawata, wannan ai ba labari ba ne!"

Ashe ban san dawan garin ba. Bayan an yi mini baiko da wani ɗan Isa, a Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙona mota da matafiya a Gidan Bawa, kan hanyar da za a biyo da lefena. Sau biyu ana ɗaga bikin. In ya ce zai zo zance, sai Inna ta ce, "Ce masa ya zauna, waya ta wadatar." A wannan jiran na san wa zan aura.

Don haka furodusoshinmu, don Allah ku daina tsallake wannan gaɓa da waƙa ɗaya a lambu. Wallahi fim guda ne a cikinta.