Daɓen Katako: Yadda Muka Tsaya a Kan Saƙar Tabarma

Tun da wasunku suka zo gaisuwar sallah suka ga daɓen falona, tambayoyi suka yi yawa: wane katako ne, me ya sa aka jera shi haka, zai jure laimar Ibadan kuwa? Na ga gara in rubuta amsar a nan, kowa ya samu.

Ba ƙwalisa ce ta kai ni ga katako ba. Hajiyarmu ta dawo wurinmu da zama, shekaru sun ja, gwiwa na damunta, kuma ita ba ta san zaman kujera ba. A ƙasa take cin abinci, a ƙasa take karɓar baƙi. Tayil da damina sanyi gare shi, in ruwa ya zuba kuma ga santsi, alhali faɗuwa ɗaya ta isa ta kwantar da tsoho. Kafet kuwa a ƙasar nan ba ya daɗewa yake fara wari. Sai ya rage katako, irin ƙananan guntayen da ake jerawa su ba da zane, wanda masu sana'ar ke kira farket.

A nan gardama ta tashi a gida. Uwargida ta ce ita ƙashin kifi take so, wato heringbon. Guntaye ne masu tsawo ɗaya, kan wannan ya tokari gefen wancan, su tafi a karkace kamar ƙayar kifi. Tsohon salo ne, tun Rumawa suke jera bulo haka. Yana da ɗan'uwa da ake kira shebron, wanda ake yanke kan kowane guntu a kusurwar digiri 45 don su haɗu baki da baki kamar kan kibiya. Akwai kuma na fadar Basai ta Faransa, manyan murabba'ai masu saƙa a ciki, waɗanda aka fara shimfiɗawa a 1684 a madadin daɓen marmara da yawan wanki ke ruɓar da katakon ƙarƙashinsa. Wannan na masu babban zaure ne. Ni kuwa jerin bulo na so, miƙaƙƙe, don shi ya fi sauƙi ga aljihu.

Ga lissafin da kafinta ya yi mana. Falonmu mita 4 ne a kan 5, murabba'in mita 20 ke nan. A jerin bulo, katakon mita 22 ya wadatar. A ƙashin kifi sai an sayi 23, a kan kibiya 24, saboda duk inda zane ya ci karo da bango sai an yanke, abin da aka yanke kuma ba kasafai yake sake amfani ba. Kuɗin aiki ma ya fi, domin daga tsakiyar ɗaki ake ja igiya a fara, in layin farko ya kauce ko kaɗan, kafin a kai bango karkatar ta fito fili. Ya ƙara da cewa ƙashin kifi mai manyan guntaye yana cika ido a ƙaramin ɗaki, sai falon ya zama kamar ya matse.

Kafintan dattijo ne Bayarabe, bai tsaya dogon bayani ba. Ya zo da guntaye a buhu, ya jera salo huɗu a ƙasa, ya ce mu bar su kwana biyu mu riƙa kallo safe da yamma. Na huɗun ba wanda ya ambace shi a cikinmu: guntaye huɗu a tsaye, huɗu a kwance, bi da bi. Hajiya ta fito, ta dube su, ta nuna shi da sandarta ta ce, "Wannan ai tabarma ce. Ku sa mini ita." Uwargida ta yi dariya ta ce, "To Maigida, an raba gardama."

Zaɓin Hajiya ya zo daidai da ilimin sana'ar. Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ba ta tsawonsa ba. A saƙar tabarma rabin guntayen na kallon gabas, rabi na kallon arewa, sai motsin ya rabu biyu maimakon ya taru a gefe guda. Guntayen gajeru ne, ɓarna kaɗan ce. In wuri ya lalace kuma, murabba'i ɗaya za a cire a maye.

Katakon a kasuwar katako ta Bodija muka saya. Loko muka ɗauka, wanda Yarbawa ke kira iroko: gara ba ta cika damunsa ba, yana farawa da launin rawaya-rawaya, daga baya ya rine zuwa ruwan ƙasa. Kawo, apa a bakinsu, ya fi shi nauyi da tsada. Tik ma yana da kyau. Arere dai a guje shi, taushi gare shi, ƙafar kujera ma lotsa shi take.

Ga mai niyya, abu huɗu zan jaddada. Daɓen siminti ya bushe sarai, a sa maganin gara da abin tare laima kafin a shafa gam. Katakon ya zama busasshe, ya kuma yi mako biyu a cikin ɗakin kafin a jera. A bar tazarar kamar santimita ɗaya tsakaninsa da bango, katakon gindin bango zai rufe ta. Sannan a canza ɗabi'a: ba a kwara masa ruwa, tsumma mai ɗan danshi ya isa, buta ta tsaya waje, kaskon turaren wuta kuma a ɗora shi a kan faranti, don garwashi ɗaya zai bar tabo.

Mun ga damina ɗaya da hunturu ɗaya, ba guntun da ya ɗaga. Wanda ke son gani da ido kafin ya kashe kuɗinsa, ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa albarka a gidajenmu, Ya ba iyayenmu lafiya.