Ladan ne agogonshi

A wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, cikin ƙasar Mayahi, akwai wani manomi kirista. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, ya daɗe cikin akwatinshi, don bai iya karatu ba. Sai da ya yi rani biyu a makarantar yaƙi da jahilci.

Da ya iya, ya ce kowane dare zai karanta. Bai yi sati ba ya bari: ga gajiya, ga tsadar kananzir. Sai ya maida abin da asuba. Ba shi da agogo, kiran ladan ke tashe shi. In maƙwabta sun tahi masallaci, shi ya durƙusa ya yi addu'a cikin duhu. Gari na wayewa, ya karanta aya biyar cikin Zabura, yana bi da yatsa.

Damina ce mai wuya. Da ruwan shuka ya sauka, kwana tara bai buɗe littafin ba, har kunya ta hana shi komawa. Matarshi ba ta yi mishi faɗa ba. Da dare ta ɗauko littafin, ta aje bisa kalmenshi a bakin ɗaki.