Gawayin Nima a Gidajen Baƙi

A wannan wata ina so in yi magana a kan sana'ar da ba a cika ɗaga kai a dubi mai yin ta ba, wato sayar da gawayi, musamman sabon reshen da ta yi a birnin Ankara: kai gawayi gidajen haya na ɗan lokaci, inda baƙo zai kama ɗaki ko gida sukutum na kwana uku ko mako biyu ya tashi. Ina cikin masu wannan aiki, kuma a cikin gawayi na buɗe ido, domin mahaifiyata ta daɗe tana aunawa a bakin hanya a Nima kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita a gida.

Irin waɗannan gidaje ba yau aka fara su ba. Kamfanin Airbnb da ake kama yawancinsu ta hannunsa tun 2008 aka kafa shi a Amurka. Amma mu a nan ba mu ji motsinsa sosai ba sai 2019, da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta yi shelar Shekarar Komowa, don tunawa da cika shekara 400 da sauke bayin Afirka a Bajiniya a 1619. Jikokin bayi daga Amurka da Jamaika, da 'yan Ghana mazauna Ingila da Jamus, suka yi ta ɓarkowa a watan Disamba. Annobar korona ta katse abin a 2020, daga baya ya dawo da ƙarfinsa. Masu gidaje a Osu, Labone, Cantonments, Dzorwulu da East Legon suka ga kuɗin mako biyu na baƙo ya fi na wata biyu na ɗan haya, sai suka gyara ɗakuna, suka sa na'urar sanyaya ɗaki, da yawa kuma suka ajiye murhun gashi a tsakar gida ko a kan soro, domin hotonsa yana jawo baƙi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Sai dai murhu ba ya gasa nama da hoto, sai da wuta, kuma a nan ne aka tuna da mutanen Zango.

Dalilin tunawa da mu a fili yake. Tsiren da duk Ghana ke kira cicinga daga hannun iyayenmu ya fito, kuma masu gadin gidajen nan da yawa 'yan Nima ne da Maamobi. Idan baƙo ya tambayi inda zai samu gawayi, maigadi ba ya dogon tunani, sai ya kira ɗan unguwarsu. Haka ni ma na shiga, daga gida ɗaya har suka zama tara, ina kai musu a aboboya ana biya na ta momo.

To, abin da masu gidajen ba su sani ba shi ne gawayi suna ya tara. Wanda ya fi kowanne a wurinmu shi ne na kirya, shi maƙera ke nema tun kaka da kakanni, yana da nauyi, in ka buga biyu sai ka ji ƙara kamar ƙarfe, kuma wutarsa tana daɗewa ba tartsatsi. Na marke yana biye da shi. Na dogon yaro ba laifi, yana saurin kamawa amma yana saurin mutuwa. Akwai kuma wanda bai ƙone ya gama ba, cikinsa ja-ja, shi ne mai hayaƙin da ke sa nama ɗaci. Mma tana gane su da ɗaga buhu kawai. Takan ce mini, "Kai ɗan nan, kada ka yarda da bakin buhu, manya a sama ake jera su. Sa hannu ka taɓa gindi." Gaskiya ta faɗa, domin akwai buhun da za ka zazzage ka tarar kashi ɗaya cikin huɗu gari ne, wani lokaci har da tsakuwa.

Mai tsire ya san wuta, ko wane iri ka ba shi zai sarrafa. Baƙo kuwa a ƙasarsu ya saba da dunƙulallen gawayi na inji, kowane ɗaya daidai da ɗan uwansa, da wani farin abu mai kama wuta nan take. In ka ajiye masa rabin buhu da ashana, ko dai ya kasa hurawa ya rubuta a intanet cewa murhun gidan ba ya aiki, ko kuma ya nemi fetur, wanda ya fi muni. Saboda haka ba na kai buhu. Ina tankaɗe garin, in zaɓi matsakaita, in ɗaure kilo 3 a jakar takarda, wanda ya ishi mutum shida su gasa kaji da kifi su ƙoshi. A ciki ina sa busasshen ɓawon kwakwa na kunnawa da mafici ɗaya. Garin da ya rage ba ya asara, masu koko da masu waken unguwa suna saye da rahusa.

Rigimar da ba ta ƙarewa tsakanina da masu gidaje ita ce: wa zai biya? Wasu suna so baƙo ya saya da kansa. Wasu suna so su ajiye buhu guda a lungu kowa ya ɗiba, wai ya fi arha. Ni ra'ayina mai gida ya sa kuɗin jaka ɗaya a cikin kuɗin haya, wanda ya so ƙari ya saya. Buhun lungu yana shan raɓa da ruwan sama, baƙon farko ya kwashe manya, na biyu ya tarar da gari, sa'an nan in ya ƙare a ce maigadi ne ya sace. Na ga yaron da aka yanke wa albashi a kan gawayin da baƙi suka ƙona suka bar shi yana ci har asuba. Mutumin da ke karɓar dala a kwana bai kamata ya tsaya lissafin olonka da mai gadinsa ba.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba kuɗi ba ne. A daminar bara, cikin watan Yuni, wasu baƙi huɗu suna gashi a wani gida da nake kai wa kaya sai ruwa ya sauko. Suka ja murhu da wutarsa zuwa cikin falo, suka rufe ƙofar gilashi, suka kunna na'urar sanyi. Allah ya sa maigadin, wani yaro ɗan Maamobi, ya leƙa don ya gaya musu an bar mota a buɗe. Ya tarar biyu suna riƙe da kai, ɗaya tana amai. Ya wangale ƙofofi, ya fitar da murhun, ya nemo tasi aka kai su asibiti. Duk sun tashi, alhamdu lillahi. Washegari mai gidan ya kira ni yana faɗa, wai gawayina ne marar kyau.

Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, amma da marar kyau ne da hayaƙi ya kore su tun da wuri." Domin kuwa gawayi mai kyau shi ya fi haɗari a rufaffen ɗaki. Yana fitar da iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya, mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, daga nan sai labari. Mu da muka tashi da kurfoti a tsakar gida ba mu cika gamuwa da wannan ba, domin tagoginmu na katako ne, iska tana shiga ta ko'ina. Gidajen gilashi an yi su ne don kada sanyi ya fita, to gubar ma ba ta fita. Na roƙi masu gidajen da nake hulɗa da su su manna takarda da Turanci da Faransanci kusa da murhu, su ajiye bokitin yashi, su kuma sayi ƙaramar na'urar da ke ƙara in gubar ta taru. Shida sun yarda. Uku sun ce takardar za ta tsorata baƙi, na daina kai musu. Mu kanmu wannan magana ta shafe mu, musamman tsofaffin da ke shigar da kurfoti ɗaki lokacin hunturu.

Wasu masu gidajen sun koma murhun gas, ban kuma ga laifinsu ba. Gwamnati ta daɗe tana kiran jama'a su koma gas don a rage sare itace. Yana da tsabta, ba toka. Amma wanda ya ga wutar Atomic Junction ta 7 ga Oktoba 2017, wadda ta kashe mutane ta haskaka sararin Legon da Madina, ya san tukunyar gas ba abin da za a bar wa baƙon da ya sha ya yi tatul ba ne, ba tare da wani ya duba tiyo ba. Ban da haka, baƙon da ya ƙetaro teku don ya ci abin da ya ji ana yabo, ƙamshin gawayi yake nema.

Akwai kuma abin da ke damuna in na tsaya ana sauke buhuna daga manyan motoci. Wannan kaya daga Kintampo yake zuwa, da Atebubu, da filayen Afram, da ƙasar Gonja. Masu ƙonawa, da yawansu Sisala, suna tara itace su rufe da ciyawa da ƙasa ya yi kwanaki yana ci a hankali, kuma a irin wannan ƙuna sai an ba da kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi. Da kirya ta yi wuya, gatari ya juya kan kaɗanya, wadda matan arewa ke ci da 'ya'yansu daga man da take bayarwa. A 2021 sarakunan yankin Savannah suka hana ƙona gawayi don kasuwanci, kaya ya yi tsada a Ankara. Shekara ta gaba kuma sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022. Baƙo bai ji komai ba, dalarsa ma ƙaruwa ta yi. Wadda ta ji a jikinta ita ce mai tuwon zafi a Nima, da uwar da ke sayen gawayin dahuwa ɗaya a ƙullin leda. In Disamba ta zo dillalai sukan ware mafi kyau su ajiye wa irinmu masu kai wa gidajen baƙi, abin da ya rage shi ake kawo wa kasuwar Laraba. Ina cin riba a wannan, kuma ina zaune a unguwar da ake biyan kuɗinsa.

Shi ya sa tun bara na fara haɗawa da gawayin ƙoƙon kwakwa da wasu matasa ke dunƙulawa a nan Ankara. Ƙoƙon da masu sayar da ruwan kwakwa ke zubarwa yana toshe mana kwata shi ne kayan aikinsu. Yana da wuyar kamawa, kuma ya fi tsada kaɗan, amma in ya kama yana daɗewa, ba tartsatsi, kuma kamanninsa irin wanda baƙi suka sani ne. Mma ta juya ɗaya a hannu ta ce wannan ba gawayi ba ne, ƙosai ne ya ƙone. Duk da haka ta sa a kurfotinta ta dafa shayi, washegari ta aiko jikanta a ƙaro mata.

A Disambar bana rabin kowace jaka na kwakwa zan sa, rabi na itace, kuma na riga na gaya wa dillalina kada ya kawo mini na kaɗanya. Yaran unguwa biyu da suka iya wuta na yi magana da su: duk gidan da baƙi suka so, za su je su hura, su gasa, su kashe wutar da yashi kafin su tafi, kuɗin aikinsu kuma a hannunsu za a ba su, ba ta hannun mai gida ba.