Uba Na Tura Girma, Uwa Na Taka Birki

Kai! Kwanan nan na ci karo da wani bincike a kan ɓeraye, kuma har yanzu abin bai sake ni ba. Mu dai mun san insulin a matsayin allurar masu ciwon sukari, wadda Banting da Best suka gano a Toronto a 1921. Ashe tana da 'yan uwa, IGF-1 da IGF-2, masu kama da ita a ƙira, kuma aikinsu yana farawa tun ɗan tayi bai ma manne a mahaifa ba! A ɓera, tun yana ƙwayoyi takwas kacal ya riga ya fitar da wuraren karɓar insulin, alhali bai iya yin nasa ba tukuna. Na uwa yake sha daga ruwan da ke bututun mahaifa, ƙwayoyinsa su ƙaru, masu mutuwa su ragu.

Amma abin da ya sa na miƙe tsaye shi ne binciken 1991. A Jami'ar Columbia, DeChiara da Robertson da Efstratiadis suka lalata ƙwayar gadon IGF-2. In lalatacciyar daga uba ta zo, sai a haifi ɗan ɓera ɗan mitsitsi, nauyinsa wajen kashi 60 cikin 100 na sauran. In daga uwa ta zo, babu abin da ya same shi! Wato ta uwa tun can a kulle take, ta uba kaɗai ke aiki. A wannan shekara dai, Denise Barlow a birnin Vienna ta gano kishiyarta: wata ƙwaya ce da ke kama IGF-2 ta halaka shi, kuma a ɓera ita daga uwa kaɗai take aiki.

Wani masani, David Haig, ya ce wannan ja-in-ja ce: gadon uba yana son ɗan ya kwashi abinci ya girma, na uwa yana tanadin ƙarfinta don haihuwa ta gaba. Ni dai bayanin ya shige ni sosai, domin mu ma IGF-2 ɗinmu na uba ne. In na uwa ya buɗe tare da shi, ana iya haifar jariri ƙato mai babban harshe, ciwon da likitoci ke kira Beckwith-Wiedemann. In kuwa na uba ya yi rauni, sai Silver-Russell: jariri ƙarami tun a ciki, wanda ko bayan haihuwa girma ke yi masa wuya.