Samari Sun Dasa, Wa Zai Yi Tsaro?

A 'yan shekarun nan muna ganin wani abu a garuruwanmu wanda ba mu saba gani ba. Samari da 'yan mata, ɗaliban jami'a da na Islamiyya, sukan haɗa taro da sisi su sayi dashe, su bi makarantu da maƙabartu da bakin hanya suna dasawa, alhali kuwa ba wanda ya aike su.

Waɗansu dattawa suna cewa yayi ne aka kwaso daga Turai, tun da wata yarinya 'yar Suwidin, Greta Thunberg, ta ƙaurace wa makaranta a 2018 ta zauna ƙofar majalisar ƙasarsu. Mu dai ba mu ga haka ba. Mu da muka yi wayo cikin farin 1984, da yaron da ya ga ruwa ya ci Maiduguri a Satumbar 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, duk ba mu bukatar baƙo ya gaya mana damina ta sake hali.

Kuma kare ƙasa kada a cinye ta ƙarƙaf ba baƙon abu ba ne a fiƙihu. Malamai suna kiransa hima. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u a yankin Madina domin dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kana ya naɗa wa hima mai tsaro, wani maulansa da ake kira Hunayyu. To, nan ne tsoronmu yake, domin dashen samarinmu ba shi da Hunayyu. A dasa cikin Agusta, ƙasa da laima, a ɗauki hoto, a watse. Kafin Maris akuya ta cinye rabi, rana ta ƙone saura. In hakan ya faru sau biyu, sau uku, yaro ya karaya, ya ce aikin banza ne, kuma da wuya ya sake fitowa.

Lalle ne samari su dubi abin da manoman Maradi suka yi. Tun wajen 1983, tare da wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, suka lura cewa kututturan da ake sarewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai suka riƙa barin tofo mafi ƙarfi, su rage saura, su kare shi daga dabba da gatari. Suna kiran wannan sassaben zamani. Saiwar ta riga ta yi nisa, ba ta jiran ɗan ga-ruwa. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka farfaɗo a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Gawo kuwa, da yake yana zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Saura ku, alhazai na kasuwa da ma'aikata. An sha tambayarmu ko a ba da zakka ga wannan aiki. Amsarmu ita ce a'a, domin masu cin zakka takwas ne ƙididdigaggu, itace ba ya cikinsu. Amma ƙofar sadaka da waƙafi a buɗe take. Mai kanti yana iya ɗaukar nauyin darbejiya biyar da ke gabansa, ya kewaye su da ƙaya, ya biya kuɗin ruwansu daga Nuwamba zuwa faɗuwar damina. Mai fataucin gawayi ya bincika inda ake saro masa. Ma'aikacin da aka ajiye wa takardar yanka gandun daji a mai da shi filaye kuwa, ya dakata da alƙalami, ya je ya ga wurin da idonsa tukuna.