Fankar Fijon Baba

Ranar Asabar na buɗe bonet ɗin Fijo 504 da marigayi Baba ya bari, sai na ga fankar inji ta tsage a gindin fiffike ɗaya. In ya ɓalle ana tafiya, zai fasa lagireto, inji ya ƙone.

Yaya ya ce, "Ka sayar wa 'yan gwangwan kawai." Na kasa. A Kakuri aka haɗa ta, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975. Ita ta kai Umma asibiti daren da aka haife ni.

Daga Unguwar Sanusi na nufi Panteka. Wani dattijo ya tono mini fanka cikin tarin ƙarafa, ya ce, "Ɗana, duba ta a rana, tsagi ba ya ɓuya." Na sassauta fambel, na kwance notuna, na kare lagireto da kwali kamar yadda Baba yake yi, na ɗaura.

Da na tayar, Umma ta leƙo zaure, ta daɗe tana saurare. Ta ce, "Muryarta ba ta canza ba."

Yaya bai sake maganar sayarwa ba.